Hoton Jijiyoyin Huhu Da Na'urar Maganaɗisu: Abin Da Mai Haki Ya Kamata Ya Sani

Jama'a masu sauraro, yau a shirinmu na faɗakarwa kan kiwon lafiya za mu yi magana a kan huhu, da jijiyoyin jinin da ke cikinsa, da wata na'ura mai aiki da maganaɗisu wadda take iya ɗaukar hotonsu ba tare da an tsaga mutum ba. Ku matso kusa da rediyo, musamman masu ciki da masu jego da mazajensu.

Bari mu fara da misalin da kowa zai gane. A ce ga wata baiwar Allah a nan unguwar Maitumbi ta Minna, an yi mata tiyata an ciro jariri, an sallamo ta gida, an sha suna lafiya. Tana kwance a ɗaki, ba a barinta ta ɗaga ko tsinke, saboda tausayi. Kwana goma da haihuwa sai sharaɓarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo idan ta taka. Ta dama kuwa lafiya lau. Gwaggo ta duba ta ce sanyi ne, aka kawo man zafi aka murza mata sosai. Bayan kwana biyu ta miƙe za ta kewaya, kafin ta kai bakin ƙofa numfashi ya sarƙe mata. Tana haki kamar wadda ta hau dutse da gudu, zuciya na dukan uku-uku, gefen ƙirji na sukanta duk sa'ad da ta ja iska. Wani ya ce asma ce, wani ya ce iska ce, aka aiki yaro kemis.

Jama'a, abin da ya fi yiwuwa a nan shi ne jini ya daskare a jijiyar ƙafarta, gudan ya ɓalle, ya bi jini har huhu ya toshe hanya. Wannan ciwo yana kashewa cikin awanni, wani lokacin cikin mintuna. Kuma yana da magani idan an gano shi da wuri.

To yaya abin da ya faro daga ƙafa zai ƙare a huhu? Duk jinin da ya gama zagaya jiki yana komawa ɓangaren dama na zuciya. Daga nan zuciya ta tura shi huhu ta wata babbar jijiya, wadda ta rabu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ta yi ta rassa har su zama siraran da suka fi gashin kai ƙanƙanta. A can ne jini yake sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki mai kyau, sannan ya dawo ɓangaren hagu na zuciya a raba wa jiki. Babban mutum yana zaune yana hutawa, kusan lita 5 na jini ke ratsa huhunsa a kowane minti.

Wanda ya fara bayyana wannan hanya daidai likita ne Musulmi, Ibn Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa, ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a shekarar 1288. A sharhin da ya yi wa littafin Ibn Sina ya ƙaryata tsohon zancen cewa jini yana ratsa bangon tsakiyar zuciya ta wasu ƙananan huji. Ya ce bangon a toshe yake, dole jini ya bi ta huhu. Sai bayan ɗaruruwan shekaru, a 1628, William Harvey na Ingila ya fitar da cikakken bayanin zagayen jini. A tsakiyar ƙarni na 19 kuma likitan Jamus Rudolf Virchow ya nuna cewa gudan jinin da ake tararwa a huhun gawa daga jijiyoyin ƙafa da ƙugu yake tasowa.

Ku ɗauki misalin ruwan famfon Minna. Babban bututu ya taso daga Chanchaga, ya rabu zuwa unguwanni, daga unguwa zuwa layi, daga layi zuwa gida. Idan ƙaramin bututun gida ɗaya ya toshe, gidan ne kaɗai zai rasa ruwa. Idan babban ne ya toshe, gari duka ya shiga wahala, injin da ke turo ruwan ma ya galabaita. Haka zuciya take galabaita idan babban guda ya tsaya a bakin jijiyar huhu.

Abu uku ke sa jini ya daskare a jijiya: ya daina gudu yadda ya kamata, ko bangon jijiyar ya ji rauni, ko jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa. Saboda haka masu haɗari sun haɗa da mai ciki, da mai jego musamman a makonni 6 na farko, da wanda aka yi wa tiyata, da wanda ya karye aka ɗaure ƙafarsa, da wanda jinya ta kwantar. Akwai direban babbar mota da fasinjan da ya kwana a kujera ɗaya daga Minna zuwa Legas, da alhajin da ya daɗe a zaune cikin jirgi. Akwai mai ciwon daji, da mai sikila, da mai ƙiba sosai, da matan da ke shan wasu nau'o'in ƙwayoyin tazarar haihuwa.

To idan an kai mara lafiya asibiti, yaya likita zai ga abin da ke cikin ƙirji? Hoton ƙirji na yau da kullum, wanda ya samo asali daga binciken Wilhelm Röntgen na Jamus a 1895, yana nuna ƙashi da girman zuciya da tabon tarin fuka da ruwa a huhu. Amma ba ya nuna guda a cikin jijiya. Mutum zai iya kasancewa a bakin mutuwa, hotonsa ya fito kamar na mai lafiya. Shi ya sa idan an ce muku hoton ƙirji bai nuna komai ba alhali haki bai tsaya ba, kada ku ce shi ke nan.

Gwajin da likitocin duniya suka fi dogara da shi yau shi ne hoton na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro a Ingila aka fara gwada ta a kan mara lafiya a 1971. Ana yi wa mutum allurar wani ruwa mai sinadarin aidin a jijiyar hannu, ruwan ya bi jini ya haska jijiyoyin huhu, a ɗauki hoto cikin 'yan daƙiƙu. Inda guda yake sai a ga duhu a tsakiyar haske. Sai dai na'urar CT tana amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da hoton ƙashi da shi, wanda yawansa ba shi da kyau ga jiki, kuma akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ruwan aidin ko kaɗan.

Nan ne na'urar maganaɗisu, wadda kuka fi sani da MRI, ta shigo. Ku saurara da kyau, domin aikinta yana da dangantaka da rediyon da ke gabanku. Fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne. A cikin ruwan akwai wasu ƙwayoyin zarra ƙanana ƙwarai na sinadarin haidurojin, kowace tana aiki kamar allurar kamfas ɗin da ake duba alƙibla da shi. A zaman yau da kullum kowace ta fuskanci inda ta ga dama. Idan aka shigar da mutum cikin ƙaton maganaɗisu, sai su karkata su bi layinsa. Daga nan na'urar ta aika musu igiyar rediyo ta ture su daga layin. Da an ɗauke igiyar sai su koma mazauninsu, suna komawa suna fitar da ɗan amo. Eriyar da aka ɗora a ƙirjin mara lafiya ta kama amon, kwamfuta ta juya shi ya zama hoto. A na'ura mai ƙarfin tesla 1.5, wadda ta fi yawa a asibitoci, igiyar tana kan megahaz 64 ko kusa da haka, ƙasa kaɗan da zangon FM da ke farawa daga 88. Ƙarfin maganaɗisun kuwa ya ninka na ƙasar da muke takawa kusan sau 30,000. Babu hasken hoton ƙashi a cikin aikin sam.

Felix Bloch da Edward Purcell na Amurka ne suka gano asalin wannan ilimi a 1946. A 1973 Paul Lauterbur ya nuna yadda za a mai da shi hoto, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila kuma ya samo hanyar ɗaukar hoton da sauri. Su biyun sun karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2003.

Na'urar ta yi fice wajen hoton ƙwaƙwalwa da laka da gwiwa. Huhu kuwa ya ba ta wahala, saboda dalili biyu. Na farko, huhu iska ce ta fi yawa a cikinsa, ruwan da zai ba da amo kaɗan ne. Na biyu, huhu ba ya tsayawa, zuciyar da ke maƙwabtaka da shi ma ba ta tsayawa, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton yaro mai tsalle da waya ya san yadda yake fitowa. Dabarar da aka samu ita ce a yi allurar wani ruwa mai sinadarin gadoliniyam, wanda aka fara amfani da shi a asibitoci a 1988, a jira daidai lokacin da ya isa jijiyoyin huhu, a ce wa mara lafiya ya riƙe numfashi na daƙiƙa 15 zuwa 20, a ɗauka. Idan komai ya tafi daidai, sai jijiyoyin su fito fes a fuskar kwamfuta kamar bishiyar da ta zubar da ganye a lokacin hunturu, likita yana juya ta yana bin reshe bayan reshe.

Amma ku lura da inda gizo ke saƙa. Wanda ake neman ya riƙe numfashi shi ne wanda numfashin ya gagara. A 2010 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitocin Amurka a kan mutum 371. A cikin kowane mutum 4, hoton mutum 1 bai fito yadda za a iya karanta shi ba. A hotunan da suka fito da kyau, na'urar ta kama kashi 78 cikin 100 na masu guda a huhu, kuma da wuya ta ce akwai guda inda babu. Ta fi gwaninta a manyan jijiyoyi, ƙananan gudajen can ƙarshen rassa sukan kuɓuce mata. Masu binciken suka ba da shawarar a yi wannan hoto a cibiyoyin da suka ƙware da shi kawai, kuma ga wanda sauran gwaje-gwajen ba su dace da shi ba. An ƙara inganta na'urorin tun daga lokacin, amma har yau a ɗakin gaggawa CT ce a gaba.

To wa na'urar maganaɗisu ta fi yi wa amfani? Wanda jikinsa ya ƙi ruwan aidin. Yaro ko matashin da za a riƙa ɗaukar hotonsa shekara da shekaru, kamar wanda aka haifa da matsalar zuciya da jijiyoyin huhu. Da kuma mai hawan jinin huhu, ciwon da ya sha bamban da hawan jinin da ake aunawa a dantse. A wannan ciwo jijiyoyin huhu ne suke ƙuntata, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta fama har ya gaji, kuma na'urar tana auna girmansa da ƙarfin bugunsa daidai. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin sikila tana kawo shi, wani nau'in tsargiya da ake ɗauka a ruwan tafki da madatsa ma yana kawo shi idan ya daɗe ba magani, haka tsohon gudan jinin da bai narke ba.

Mai ciwon ƙoda mai tsanani sai an auna ƙodarsa kafin a yi masa allurar gadoliniyam, domin a 2006 aka gano cewa wasu nau'o'in ruwan suna haddasa wa irinsu wata cuta mai taurara fata. Mai ciki kuma ana kauce wa yi mata wannan allura sai da dalili mai ƙarfi, saboda ruwan yana ratsa mabiyiya. Idan likita ya zaɓa wa mai ciki CT don neman guda a huhu, kada a ƙi, hasken da ke isa ga ɗan tayi kaɗan ne, haɗarin barin gudan ya fi shi nesa ba kusa ba.

Yanzu ga gargaɗin da nake roƙon kowa ya riƙe. Maganaɗisun nan ba a kashe shi, dare da rana a kunne yake, ko an ɗauke wuta. A 2001 a jihar New York ta Amurka, ya fizgi tukunyar iskar numfashi ta ƙarfe daga hannun mai ɗauke da ita, ta bugi wani yaro ɗan shekara 6 da ke kwance a ciki, ya rasu. Saboda haka za a ce ku cire waya da makulli da agogo da katin banki da ɗan kunne da awarwaro da fil ɗin mayafi. A cire laya da guru da kambu, domin ba ku san abin da aka ɗinke a ciki ba. A wanke kwalli. Malam mai walda, da maƙeri, da mai fasa dutse, idan ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonka, ko shekara 20 ke nan, ka faɗa. Wanda harsashi ya taɓa samu, kuma muna da irinsu a cikin 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Shiroro, ya faɗa ba tare da tsoro ba. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, da wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashi, su zo da takardunsu. Da yawa daga ƙarafan tiyata na zamani ba su hana hoton, amma ma'aikacin ne zai yanke hukunci.

A cikin ɗakin za ku kwanta a kan gado siriri, ya zarce da ku cikin rami mai kama da bututu, buɗe gaba da baya. Na'urar tana ƙara sosai, kamar injin niƙa, don haka ana toshe kunne. Za a ba ku ɗan abin matsawa a hannu idan kun ji damuwa, kuma ma'aikacin yana ganinku yana magana da ku. Ba ta da zafi. Aikinku ɗaya ne: kada ku motsa, ku riƙe numfashi idan an ce a riƙe.

Jama'a, gaskiya ɗaya ce. Wannan na'ura tana da tsada, tana bukatar wutar lantarki marar yankewa, ana sanyaya cikinta da ruwan iskar hiliyam har zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri. Shi ya sa ta fi samuwa a manyan asibitocin koyarwa da cibiyoyin hoto na birane irin su Abuja da Kano. Ran mai haki a Maitumbi bai rataya a kanta ba, ya rataya ne a kan saurin kai shi hannun likita. A Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, ko asibitin mata da jarirai na Jummai Babangida Aliyu, likita zai saurari labari, ya auna bugun zuciya da iskar da ke cikin jini, ya duba ƙafa. Sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki yana iya nuna guda a jijiyar cinya, kuma idan an gan shi a can, magani ɗaya ne. Idan zato ya yi ƙarfi, likita yakan fara allurar hana daskarewar jini tun kafin a samu hoto. Ana shan maganin aƙalla wata 3, ba a yanke shi don an ji sauƙi, kuma ba a sayensa a kemis da ka, domin yana iya sa zubar jini.

Iyayena mata, akwai wata magana tsakanina da ku. Hakin mai jego ba kullum ne guda ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon gazawar zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Shi ma yana zuwa da haki, amma ƙafa biyu yake kumburawa, kuma mai shi ba ta iya kwanciya rigingine. Na guda ya fi kama ƙafa ɗaya. Ko wanne ne, ba a rarrabe su a tsakar gida. Ku bar mai jego ta riƙa tashi tana ɗan takawa, ku ba ta ruwa ta sha sosai. Ƙafar da ta kumbura ita kaɗai kuma kada a murza ta, kada a yi mata ƙaho.

Direbobi da matafiya, duk bayan awa 2 a tsaya a miƙe ƙafa. A cikin jirgi a riƙa motsa idon sawu. Mai jinya a gida a riƙa juya shi ana motsa masa ƙafafu. Rigakafi ya fi magani.

Ina kuma kira ga hukumomin lafiya na jiharmu da masu hannu da shuni, a wadata asibitocinmu da na'urorin hoto da ƙwararrun da za su karanta shi, a sanya kuɗin irin waɗannan gwaje-gwaje cikin tsarin inshorar lafiya, don kada talaka ya sayar da gona kafin a ga cikin ƙirjinsa.

Kafin mu rabu, ku riƙe alamomi huɗu: ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, haki ya zo farat ɗaya, ƙirji na suka idan an ja numfashi, tari da jini ko suma. Maigida, idan ka ga ɗaya daga cikinsu a jikin iyalinka, ko tsakar dare ne, ka nemi abin hawa ka kai ta asibiti, ka gaya wa likita ranar da ta haihu da ranar da ƙafar ta fara. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa.